Kar Ka Taɓa Ni a Cikin Ruwa

Masu cewa na cika jan rai, ku yi haƙuri, wallahi ba jan rai ba ne. Sau uku ina buɗe wayar nan in rubuta abin da ya faru ranar Asabar ɗin, sau uku ina rufewa, don da na iso wajen sai in ji gishirin teku ya dawo mini maƙogwaro. Yau dai na ce ko me zai faru sai na faɗa. Wanda kuma yau ya fara leƙowa, sunana Shefali, 'yar garin Nikli, shekarata ashirin da biyu, kuma shekara uku ke nan ina yi wa sojan ruwa iyo a birnin Chattogram.

Na ce "ina yi musu" ne don ban zama tasu ba tukuna. Mu biyar ne mata masu iyon dogon zango, muna cin abincinsu, muna sa shuɗiyar rigarsu, amma duk a kan kwantiragi muke. Gwajin Asabar shi ne mai raba gardama: kilomita goma a bakin teku, biyun da suka fara taɓa allo a ba su kaki da lamba da gurbi na dindindin, sauran ukun kowa ta naɗe katifarta. Ni kuwa na san abin da ke jirana in na naɗe tawa. Matan unguwarmu sun shekara uku suna cewa 'yar Rahima ta tafi birni tana tuɓewa a gaban maza, alhali rigar iyona ta fi zanen sari da wasunsu ke ɗaurawa rufe jiki. Wannan ma mai sauƙi ne. Uwata, wadda muke kira Amma, ta rantse in na dawo gida ba zan ƙara shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba, kuma mahaifiyata ba ta rantsuwar wasa.

Sai kun san dokarmu kafin ku gane sauran. Kowace mai iyo tana da ƙaramin jirgin da ke binta, a ciki akwai matuƙi, da alƙali mai jar tuta, da mai ba da ruwa. Shi mai ba da ruwa doguwar sanda ce a hannunsa, an ɗaure roba a bakinta. Ya miƙo, ki cire, ki sha, ki yar, ki wuce. Ba a taɓa ki, ba kya taɓa kowa. Ustad Motaleb, mai horar da mu, kullum da bakinsa cike da ganyen pan, wanda ake taunawa kamar goro yana rina baki ja, yake maimaita mana cewa ko ɗan yatsa ne ya gogi kafaɗarki, tuta ta tashi, tafiyarki ta ƙare. Sai dai dokar tana da wata ƙofa. In mai ba da ruwa ya ga alamar ranki na cikin haɗari, yana da ikon ya cafko ki, kuma babu mai tambayarsa dalili. Rai ne, wa zai tsaya bincike?

Tofayel yana cikin masu ba da ruwa. Da shi ma ɗan wasa ne, gwanin tseren kwalekwale, har kafaɗarsa ta dama ta goce a wata gasa. Yanzu hannun ba ya wuce kunnensa in ya ɗaga, likita kuma ya hana shi iyo a buɗaɗɗen ruwa. Mutum ne da magana take masa tsada. Wata takwas muna tare, amma in kun ga saƙonninsa za ku rantse ma'aikatar hasashen yanayi ce ke nemana da aure.

"Ruwa zai janye ƙarfe goma da rabi. Ki ci ayaba biyu."

Ni kuma in mayar: "To ranka ya daɗe. Babu ko ina kewarki?"

"Akwai. Ki ci ayabar."

A haka ya shiga raina, ban ma san lokacin ba. Shi ya sa shi kaɗai na gaya wa abin da na ɓoye wa Ustad da likita. Tun ciwon kunnen da na yi da damina, in na daɗe a ruwa wani jiri yana zuwa mini, sama da teku su haɗu su juya, sannan ya sake ni. Sau biyu ya faru. Ranar da na gaya masa a bayan rumfar jirage, bai yi mamaki ba. Ya ce ya riga ya lura, wai in abin zai zo hannuna na hagu gajarcewa yake yi, sai in fara karkata. Ya roƙe ni in je wajen likita. Na ce bayan Asabar. Na sa shi ya dafa kansa ya yi alkawarin ba zai gaya wa kowa ba, ya yi, amma bai kalle ni ba.

Wata shida da suka wuce ya tura yayarsa har Nikli da kwalin alawa. Mahaifiyata ta ba ta shayi, ta saurare ta tsaf, sannan ta mayar mata da alawarta ko zaren ba a kwance ba. Ta ce ba ta da abin faɗa a kan halin yaron, sai dai ta riga ta ba ruwa ɗa ɗaya, ba za ta ƙara masa da 'ya da suruki ba.

Ɗan da take nufi Belal Bhai ne, yayana, wanda ya koya mini iyo ina 'yar shekara huɗu a haor ɗinmu, wato fadama, lokacin da damina ke mayar da gonaki teku. Duk Nikli babu mai kamo shi a ruwa. Shekara takwas ke nan, wata rana da hantsi iska ta kifar da jirgin 'yan biki a gaban gidanmu. Ya fito da gudu, ya tsaya a bakin ruwa ya kwance agogon Abba daga hannunsa, don tsoho ne ba ya son jiƙa, ya danƙa wa Amma ya ce ta riƙe masa yanzu zai dawo. Ya fito da mutum huɗu. Da ya koma na biyar ne bai fito ba.

Agogon nan kakana ne ya ɗaura wa Abba ranar da aka raba pan da sukari aka tsayar da maganar aurensu, kamar yadda ake yi wa duk saurayin da gida ya karɓa. Fari ne mai baƙar maɗauri, gilashinsa da tsaga a wajen ƙarfe biyu. Tun ranar da ruwa ya ci Belal Bhai agogon yake cikin gwangwanin biskit a ƙarƙashin gadon Amma. Kowace safiya bayan ta idar da salla sai ta ciro shi ta murɗa, ta kara a kunne, ta mayar. Ta sha faɗa cewa babu hannun da zai ƙara ɗaura shi sai na mijina, kuma mijin nan sai ya zama mutumin tudu.

To ranar Talata, saura kwana huɗu gwaji, ina fitowa daga atisaye gashina na ɗiga, sai ga kiran Khala, ƙanwar Amma da ke aure a nan birni, unguwar Halishahar. Wai in zo, Amma ta sauka da jirgin ƙasa na safe.

Matar da ba ta taɓa zuwa kallona ko sau ɗaya ba, wadda in an nuno ni a talabijin ɗin mai shayi take canza hanya. Na sa koren kamis ɗina mai dogon hannu, na yafa farin gyale har goshi, na shirya wa faɗa tun daga cikin keke.

Babu faɗa. Na same ta a tsakar gidan Khala cikin farin sarinta mai bakin shuɗi, tana daka busasshen kifi da barkono da albasa, irin wanda take yi mini in na yi zazzaɓi. Ta zuba mini shinkafa da hannunta, ta ƙara, ta zauna tana kallona ina ci. Ta ce na rame. Ta ce gishiri ya cinye mini gashi, ta jawo ni tsakanin gwiwoyinta ta shiga shafa mini man kwakwa. Ni da na shekara uku ina jiran hannun nan a kaina, sai na ji idona ya cika.

A nan ta fara tambaya, a hankali, kamar mai hira. Nisan nawa ne? Su wa ke bin mu? In mutum ya ji ƙishi fa? Ni kuwa wawiya, daɗi ya kwashe ni, na zage ina zuba. Har muciyar Khala na ɗauka na nuna mata yadda ake miƙo sanda.

"In hannunsa ya taɓa ki fa, Shefu?"

"Shi ke nan, Amma. An cire ni."

"Ko da ke ce a gaba?"

"Ko da saura taku ɗaya."

"Shi kuma a hukunta shi?"

"A'a. In ya ce ya ga alamar haɗari, magana ta mutu."

Ta ce "Allah Sarki", ta ci gaba da tsefe mini kai. Khala da ke tsintar wake a gefe ta tashi ta shige ɗaki. Da zan tafi na hango gwangwanin biskit ɗin a cikin jakar Amma, an naɗe shi da tsohon ɗankwali. Na ce a raina, ai ba za ta iya barinsa kwana huɗu ba a murɗa ba. Iyakar tunanin da na yi ke nan.

Ranar Alhamis da la'asar na tura wa Tofayel saƙo cewa Amma ta sauko, ina ganin in na ci gwajin nan ya sake turo yayarsa. Saƙon ya shiga, ya nuna an karanta, shiru. Na kira, ba a ɗauka ba. Na leƙa rumfar jirage aka ce ya nemi izini ya shiga gari. Sai wajen magariba amsa ta zo.

"Allah ya sa. Kunnen fa?"

"Lafiya lau."

"Gaskiya nake so."

"Na ce lafiya lau. Ina ka je?"

Ya ce in kwanta da wuri.

Da safiyar Juma'a aka jefa ƙuri'ar jirage. Rumki, abokiyar ɗakina kuma wadda na fi tsoro a cikin huɗun, ita ta shigo da labari tana rawar kafaɗa. Wai ƙuri'a ta ba Tofayel jirginta, amma ya je ya sami Ustad ya roƙa a musanya, yanzu shi ne a nawa.

"Ke dai kin huta," ta ce tana cusa gashinta a hula. "Mu a ba mu ruwan sukari, ke a haɗa miki da kallon ƙauna. Ni an bar ni da Habildar mai tumbi, in ya miƙo sanda jirgi sai ya karkata."

Na jefe ta da matashi, muka yi dariya. Daɗi na ji, ba zan ɓoye muku ba. Da na hango shi bayan masallaci na ɗaga masa hannu, ya yi murmushi daga nesa, sai na ga leɓɓansa jawur. Tofayel da ke cewa pan ƙazanta ce, har yana kwaikwayon yadda Ustad ke tofarwa. Na tambaye shi a saƙo, ya ce wani ne ya ba shi, ba ya iya ƙi. Na tura masa hoton dariya na ce ashe an fara tsufa.

Yammacin ranar na koma gaida Amma. Ta ɗaura mini baƙin zare mai laya a damtse, ta tofa mini addu'a a ka, ta riƙe fuskata da hannu biyu ta daɗe tana kallo.

"Gobe war haka kina kan tudu," ta ce.

"In sha Allahu, da lambata a wuya."

"Kina kan tudu dai."

Khala ta rako ni har bakin titi. Sau biyu tana buɗe baki kamar za ta yi magana, a ƙarshe sai ta ce in gaida Rumki.

Asabar ta waye da wani irin sama mai launin toka, babu rana babu ruwa, iska kuma ta tsaya cik. Ƙarfe bakwai muna bakin gaɓa, ana rubuta mana lamba a kafaɗa, ana lafta mana man shafawa a wuya da hammata. Ni ce lamba uku. Ustad ya tara mu ya ce ruwa zai fara janyewa ƙarfe tara, kuma duk wadda ta kusanci turakun masunta da ke hagu bayan kilomita shida, ita da Allah, don nan ruwan ya fi ja, jirgi kuma ba ya shiga saboda taru. Can bayan igiya, cikin 'yan kallo, na hango farin sari mai bakin shuɗi. Ba ta ɗaga hannu ba. Tsaye kawai take, jakarta a ƙirji.

Tofayel yana cikin jirgi yana jera robobi. Kowa da ƙaramar riga saboda zafi, shi kuwa doguwar riga ya sa a ƙarƙashin rigar ceto, ya ɓalle maɓallan hannu har wuyan hannu. Na ce masa ko sanyi yake ji, Tofayel Bhai? A gaban mutane haka nake kiransa, Bhai, wato yaya. Ya ce in kula da numfashina.

Aka busa usur.

Ba zan cika ku da labarin kilomita biyar na farko ba. Ruwan ɗumi ne, mai laka, yana warin man jirgi. Na sha a na biyu, na sha a na huɗu, ban ko ɗaga ido ba. Rumki tana gabana da tsawon mutum uku, sauran suna baya. Ni ce ta biyu. In na riƙe haka, kaki nawa ne. Jikina yana tafiya yadda nake so, har na fara raya yadda zan shiga Nikli da farar hula, in bi ta gaban matan nan a hankali.

A na shida na ji ya buga gefen jirgi sau biyu, alamar sha. Na juya rigingine, na miƙa hannu. Igiyar ruwa ta ɗan janye jirgin, dole ya ƙara miƙewa da hannun hagu don sandar ta iso ni, sai maɓallin rigar ya fincike, hannun rigar ya zame baya.

Fari, mai baƙar maɗauri. Tsaga a wajen ƙarfe biyu.

Na san agogon nan fiye da yadda na san fuskata. Robar tana hannuna, bakina a buɗe, ruwan teku ya shiga na haɗiye. A cikin daƙiƙa ɗaya komai ya jeru a kaina: man kwakwa, muciyar Khala, la'asar ɗin Alhamis, jan leɓe, musanyar jirgi. An raba pan da sukari a kaina ba ni nan. Mahaifiyata ta karɓe shi. Matar da ta mayar da alawa ba a kwance ba ta ɗaura masa agogon Abba da hannunta, kuma na san mahaifiyata, ba ta bayar da abu haka kawai. Abu ɗaya ne Tofayel yake da shi da take so, ni kuma da bakina na gaya mata mene ne.

Ya ga na gani. Bai ja rigar ya rufe ba.

"Sha, Shefali," ya ce.

"Nawa ta saye ka?"

"Sha ki wuce. Rumki tana nisa."

"Ka yi mata alkawari?"

Alƙali ya ɗago kai daga takardarsa yana kallonmu. Tofayel ya sunkuyo har ƙirjinsa ya taɓa bakin jirgi, ya rage murya.

"Na ce mata in na ga alama zan cire ki. Ko ba agogo zan cire ki. Tun kilomita biyar hannunki na hagu yake gajarcewa."

Ƙarya yake? Gaskiya yake? Har yau da nake rubuta muku ina juya tambayar nan. Ni ban ji komai a hannuna ba. Amma da ma ban taɓa ji ba, shi ne mai gani. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Mutum ɗaya a duniya da zan yarda da shi in ya ce fito, an mayar da shi wanda ba zan ƙara yarda da shi ba. In ya taɓa ni, zan aure shi in zauna a tudu ina dafa masa shinkafa, ina kallon hannun nan kullum, ban san ko raina ya ceta ko cinikinsa ya cika ba.

Na wurgar da robar. Na ce masa, da ƙarfin da alƙali zai ji, "Kar ka taɓa ni. Lafiyata ƙalau." Na kifa na ci gaba.

Jirgin ya matso. Ina jin injinsa a cikin ƙashin kaina, kusa fiye da yadda doka ta saba. Duk numfashin da na ɗauka ta dama sai in ga gwiwarsa a bakin jirgi, sandar kuma ba ta hannunsa. Tsoro ya kama ni, ba na teku ba, na jirgin da aka turo ya tsare ni. Sai na yi abin da Ustad ya hana. Na karya hagu, na nufi turakun masunta, inda na san matuƙi ba zai bi ni ba.

Ruwan wajen ya kama ƙafafuna nan take, sanyi, mai ja kamar ana fizgar zani. Na ji ana kiran lambata a lasifika. Na ji matuƙi ya kashe inji. Na wuce turke na farko, na wuce na biyu, ina ce wa kaina mita ɗari uku ne kawai in fita ta ɗaya gefen, in ma yi sa'a in yanke wa Rumki hanya.

A turke na uku kunnena ya toshe.

Na san shi. Haka yake farawa, shiru tukuna, sannan wani siririn kuka. Turken da ke gabana ya kwanta a hankali, sama ta gangaro ta koma gefe. Na daina gane ina ne ƙasa. Na ɗaga kai in nemi abin da zan tsayar da idona a kai, sai ya faɗa kan jirgin, can baya, yana lilo a bakin taru.

Tofayel yana tsaye. Ya cire rigar ceto ya yar, don ba a kamo mai iyo da ita a jiki. Mutumin da hannunsa ba ya wuce kunne, a ruwan da ya fi ƙarfin masu hannu biyu. Na buɗe baki in ce masa ya zauna, zan dawo da kaina, na haƙura da kakin, na haƙura da komai. Ruwa ya cika bakin.

Abu na ƙarshe da na gani kafin teku ta juye, ya sunkuyar da kai yana kwance maɗaurin a nitse, don tsoho ne ba ya son jiƙa. Ya danƙa wa matuƙi agogon, ya ce masa wani abu gajere. Ban ji ba, amma na san abin da ake cewa.